Rigar Shugabanci Aro Ce: Darasi Daga Ƙofar Wambai

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ƙofar Wambai da hantsi zai tarar da 'yan gwanjo suna kwance dila, masu saye suna ɗaga riguna suna dubawa. Kowace riga a cikin tarin nan akwai wanda ya taɓa yin ado da ita a wata ƙasa, yau kuma ta koma wuyan wani. Haka rigar shugabanci take. Wani ya sa ta kafin kai, wani kuma zai sa ta bayanka, ko kana raye ko ƙasa ta rufe idonka.

Ita kanta ƙofar sunan wata babbar sarautar Kano take ɗauke da shi, kuma a cikin waɗanda suka riƙe sarautar da wuya a sami wanda ya kai Wambai Giwa suna. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, shi ya faɗaɗa ganuwar birni ta wajen Ƙofar Kabuga da Kansakali, sannan ya zauna a Ƙaraye yana fafatawa da Katsinawa. Ƙarfinsa ya bunƙasa har fada ta ji tsoron kada ya yi tawaye, sai aka tuɓe shi a zamanin Sarki Kutumbi. Mutumin da ya ƙara wa birni ganuwa bai sami ganuwar da za ta tsare masa rawaninsa ba.

Gadon sarautar Kano ma bai tsira daga wannan juyi ba. Jihadi ya raba Sarki Alwali da mulki. Sarki Alu ya rasa nasa a 1903 da zuwan Turawa, ya rasu a Lokoja. Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya sauka a 1963, ya koma Azare, daga baya Wudil. Sarki Ado Bayero ya shekara hamsin da 'yan watanni a kan karaga, amma ranar 6 ga Yuni 2014 wa'adi ya cika. Mu kuma da idonmu muka ga an sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ranar 9 ga Maris 2020, aka naɗa Aminu Ado Bayero, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar Wambai; a watan Mayu 2024 doka ta sake juyawa, magana ta kai gaban kotuna. Ba huruminmu ba ne mu yanke hukunci a wannan shari'a. Abin da ya shafe mu shi ne izinar da ke cikinta: duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Musulmi ba ya bukatar tarihi kafin ya san wannan, domin aya ta 26 a Suratu Ali Imrana ta riga ta karantar da shi a hannun Wanda bayar da mulki da karɓe shi suke. Kowa na karanta ayar. Inda ake gane wanda ya gaskata ta shi ne ranar da aka ce masa ya miƙa makulli. Da Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid daga jagorancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Allah Ya ƙara musu yarda, Khalid bai janye mutanensa ya kafa wata tuta ba. Ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin sabon kwamanda. Sayyidina Hasan ɗan Ali ya sauka daga halifanci a shekara ta 41 bayan Hijira domin kada jinin Musulmi ya ci gaba da zuba, har aka riƙa kiran shekarar da Shekarar Haɗin Kai. A nan ƙasarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba tafiyar da daula a 1812 tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya mayar da hankalinsa ga karantarwa da rubutu. Da ya rasu a 1817, duk da saɓanin da ya ɗan gitta, akwai mutanen da suka riga suka iya aikin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ta sarakuna da gwamnoni ce kawai. Mu muka fi kowa bukatarta: limamai, shugabannin kwamitin masallaci, masu makarantun Islamiyya, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai, da magidanta. Masallatai nawa muka gani sun rabu biyu saboda liman ya tsufa bai horar da na'ibi ba? Makarantu nawa suka mutu tare da wanda ya kafa su, domin takardar fili da lissafin kuɗi duk a aljihunsa suke? Gidaje nawa suka ƙare a kotu saboda maigida bai taɓa zaunar da iyalinsa ya faɗa musu abin da ya mallaka da bashin da ke kansa ba? Muna wa'azin mutuwa a kan mumbari, amma muna tafiyar da amanar jama'a kamar waɗanda aka yi wa alkawarin dawwama.

Wani zai ce: idan na saki, wa zai iya? Sau da yawa wannan tsoro na gaskiya ne, kuma ba mu ce mai amana ya jefar da ita ga wanda bai cancanta ba. Sai dai idan mutum ya shekara ashirin yana shugabanci bai samar da ko mutum ɗaya da zai iya gadonsa ba, rashin magajin yana cikin abin da za a tambaye shi.

Saboda haka muna kira ga duk wanda aka ɗora wa wani nauyi da ya soma shirin sauka tun ranar da ya hau. Ya ware dukiyar jama'a daga tasa, ya sa komai a rubuce da shaidu. Ya jawo na ƙasa da shi ya ba su aiki na gaske tun yana nan, ya jure kuskurensu yana gyarawa. Ya saurari matasa idan sun zo da sabuwar hanya a abin da shari'a ta bar shi a buɗe, kamar tsarin karatu ko ajiyar kuɗin masallaci a asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, domin sarki goma zamani goma. Idan kuma ranar sauka ta zo, ko ta hanyar da bai so ba, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da ba za ta raba jama'a ba, kuma kada ya mayar da 'ya'yan talakawa garkuwar kujerarsa.

Allah Ya sa mu miƙa amanar da aka ba mu tana cikin hali mafi kyau fiye da yadda muka karɓe ta, Ya kuma sa mu cika da imani.