ƘOFAR DA BA TA BUƊUWA SAI DA IZININ BATIR

Jama'a, tun da aka fara ƙera mota ba a taɓa kai mutum makaranta don ya koyi buɗe ƙofarta ba. Ka ja mariƙi, ƙarfe ya ja ƙarfe, sakata ta saki, ka fita. Yaro ya iya, tsohuwa ta iya, wanda ya gigice ma hannunsa ya san wurin ko hankalinsa bai komo ba. Yanzu kuwa waɗansu masu ƙera motoci sun ga wannan ƙauyanci ne. Sun cire ƙarfen, sun sa waya da maɓalli. In ka danna, sai lantarki ya tafi ya umarci wani ɗan inji ya saki sakata, lantarkin nan kuwa daga ƙaramin batir yake zuwa. To, in batir ya mutu fa? In karo ya tsinke waya fa? Sai ƙofa ta zama bango.

Kamfanin Tesla na Amurka shi ya yayata wannan yayi a 2012, da ya fito da Model S mai mariƙin da ke nutsewa cikin jikin ƙofa. Sauran kamfanoni suka bi, musamman na ƙasar Sin. Wai don iska kada ta riƙe mota, wai don kyau. Kyan ɗan maciji!

Ga abin da kwalliyar ta haifa. Cikin Oktoba 2024 a birnin Toronto na Kanada wata Tesla Model Y ta yi karo, ta kama wuta, mutum 4 suka mutu. Mace ɗaya ta tsira, don wani ma'aikacin gidan waya da ke wucewa ya fasa gilashi da sandar ƙarfe. Wata guda bayan haka, a Piedmont ta jihar Kalifoniya, Cybertruck ta bugi itace ta kama wuta, ɗalibai 3 suka halaka. Na huɗunsu abokinsu ne ya jawo shi, bayan ya yi ta dukan gilashi da reshen itace. Motar nan ko mariƙi ba ta da shi a waje. Cikin Oktoba 2025 a Chengdu ta ƙasar Sin mutane suka taru a kan wata Xiaomi SU7 tana ci da wuta, suka ja, suka doka, ƙofa ta ƙi, direba ya mutu a ciki.

Za a ce mana ai gudu suka yi. Lalle an yi gudu, har an sami giya a jinin direban Piedmont, ba mu kuwa wanke shi ba. Amma tun yaushe hukuncin gudu ya zama ƙonewa da rai? Fasinjan baya kuma laifin me ya yi? Iyayen yaran sun kai Tesla ƙara a 2025, suna cewa ba karon ya kashe 'ya'yansu ba, hayaƙi ne da wuta.

Ba ma sai an yi haɗari ba. A 2015 a Port Arthur ta jihar Teksas wani dattijo mai shekara 72 ya mutu da karensa cikin Corvette, motar mai, tana ajiye, don wayar batir ta kwance, zafi ya gama da su. Abin ja na hannu yana ƙasa kusa da kujerarsa, bai san da shi ba. Cikin Yuni 2025 Ford ya kira Mustang Mach-E wajen 197,000 a Amurka domin gyara, saboda ƙofa tana iya zama a kulle in ƙaramin batir ya yi sanyi. Cikin Satumba hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, watau NHTSA, ta buɗe bincike a kan Model Y wajen 174,000 ƙirar 2021. Iyaye ne suka fita don su ɗauko yaro a kujerar baya, ƙofa ta ƙi. Mutum 4 sai da suka fasa gilashin motarsu.

Amsar kamfanoni ita ce ta fi ba mu haushi. Wai akwai abin ja na gaggawa, a duba littafin mota. Madalla! A kujerar baya ta waɗansu motocin Tesla abin nan yana ɓoye a ƙasan aljihun ƙofa, sai ka ɗaga shimfiɗa ka laluba. Waɗansu Model 3 na farko babu shi sam a baya. Ashe mutumin da ƙafarsa ta karye, hayaƙi ya cika masa ido, cikin duhu, shi zai tuna shafin littafi? Baƙon da aka rage wa hanya yaushe ya ga littafin? Jariri fa? Mai kawo ɗauki daga waje kuwa littafi bai tanadar masa komai ba. Shi kansa shugaban zanen motocin Tesla, Franz von Holzhausen, ya faɗa a Satumba 2025 cewa suna aikin haɗa maɓalli da abin ja wuri ɗaya. In babu ciwo, maganin na mene ne?

Dokar Amurka a kan sakatar mota an tsara ta ne don kada ƙofa ta ɓalle ta zubar da mutane lokacin karo. Ta kula da rufewa, ta manta da buɗewa, kamfanoni kuwa suka bi ta wannan kafa. Gwamnatin Sin ta riga ta yanke: daga 1 ga Janairu 2027 sabuwar ƙirar mota sai ta zo da mariƙin da ke buɗewa da ƙarfin hannu, ciki da waje.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce da Sinawa. Motar da aka gaji da ita a Amurka, har wadda ta yi haɗari, nan take ƙarewa ta Ikko ko ta Kwatano, da tsohon batir, ba littafi, ga ranar Maris da Afrilu. Muna neman hukumar SON da Kwastan su hana shigo da kowace mota da ba a iya buɗe dukan ƙofofinta da hannu in an cire batir, a kuma yi gwajin a tashar jirgin ruwa kafin a karɓi kuɗin fito.