Tsiro a matsarmama: milimita nawa ne?

Yawanci ba shi aka je nema ba. Mutum ya je sikanin saboda gyambon ciki ko ciwon ƙoda, sai takarda ta ce akwai tsiro a matsarmama, jakar madacin nan da ke manne a ƙarƙashin hanta. Kafin magariba dangi sun yanke hukunci: ciwon daji ne.

Galibi ba shi ba ne. Mafi yawan irin wannan tsiro kitse ne da ya maƙale a bangon jakar. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020, kan bayanan majinyata fiye da 600,000 na cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente, ya nuna cewa dajin matsarmama bai fi kama masu tsiro ba a kan marasa shi. Sai dai idan dajin ne, ba ya nuna kansa sai ya yi nisa, don haka aikin yana wuyan mai riƙe da na'ura.

Ƙwararre ba ya gaggawa. Zai so majinyaci ya zo bai ci komai ba na wasu sa'o'i, don jakar ta cika ta buɗe. Zai ce ya juya gefen hagu: tsakuwa takan gangara, da baƙar inuwa a bayanta, tsiro kuwa yana nan daram, ba inuwa. Mai siririn wuya bai cika zama matsala ba. Mai faɗin gindi, ko wanda bangon da ke kusa da shi ya yi kauri, shi ake sa wa ido. Hoton CT, duk da tsadarsa, yakan tsallake ƙananan tsiro. Amfaninsa, shi da MRI, ya fi fitowa idan ana zargin abin ya taɓa hanta.

Sai girma. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2022 ta ba da shawarar cire matsarmama idan tsiro ya kai milimita 10. Masana sikanin na Amurka, a shekarar, sun ɗaga zuwa 15 kafin a tura mutum wajen likitan tiyata. Sun saɓa, amma dukkansu da awo suke magana.

Shi ya sa takardar da za ta fito daga ɗakin sikanin a Kano ko Maraɗi ta ce "akwai tsiro" kawai, ba girma, ba adadi, ba siffa, rabin aiki ce da cikakken kuɗi. Tsiro mai milimita 6 zuwa 9, idan ba wani dalilin haɗari, a Turai ana sake duba shi bayan wata 6, shekara 1 da shekara 2. Wanda ba a rubuta masa awon farko ba, da me likita zai gwada na biyu?