Sulhun Kan Gawa Ba Abin Yabo Ba Ne

Watannin baya na je ta'aziyya wani gida a Kurmin Sarki, nan Suleja. Tsohuwar gidan ce ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar 'ya'ya mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka shekara tara ko sallama ba ta haɗa su ba. Babbar tana aure a Kaduna. Ƙaramar tana nan unguwa, ita ke wanki, ita ke kwanan asibiti. Ranar sadakar uku wata gwaggonsu ta kamo hannun wannan ta ɗora kan na waccan ta ce, "Ku dubi Allah, ku dubi baiwar Allahn nan da ke kwance." Ƙaramar ta ce, "Yaya, ki yafe mini." Suka rungume juna suna kuka, gida ya ɗauki hamdala. Har na fito ana ta maimaita abin da aka saba faɗa, wai mutuwar ta yi rana tunda ta haɗa zumunci.

Ni kam ban ga abin murna ba. Wadda ta fi kowa buƙatar ganin wannan runguma an riga an kai ta makwancinta. Salla nawa ta yi tana zuba ido a ƙofa? Gwaggon da ta iya haɗa hannu a rana ɗaya, ina take duk shekarun nan? Ina kawunnai, ina limamin unguwa? Kowa ya san addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, amma aka zuba ido gaba ta yi shekara 9, ana cewa sha'anin 'yan'uwa ne, ba a shiga. Da aka shimfiɗa tabarmin makoki sai kowa ya zama mai wa'azi, domin a ranar nasiha ba ta da tsada: babu wadda za ta iya musu gaban jama'a da hawaye a idonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya taɓo tushen rigimar. Gida ne. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991, Suleja ta zama masaukin ma'aikatan da hayar birnin ta fi ƙarfinsu, masu sammakon bin hanyar Madalla da Zuba kullum. Garin da ya ba babban birnin ƙasa sunansa shi ne yanzu ke ba ma'aikatansa wurin kwana. Ɗakin da a da ake zuba tarkace ya koma kuɗi. Mahaifin matan nan da ya rasu, sai dangi suka ce abin kunya ne a raba gado uwa na raye, a bar gidan haka. Babbar ta riƙa zargin ƙanwarta da cinye kuɗin haya, ƙaramar tana cewa magani da abincin Inna suka cinye, kuma wanda bai taɓa ɗauke fitsarin marar lafiya ba ba shi da bakin tambaya. Wataƙila kowaccensu tana da gaskiyarta. Lissafin da za a yi a yini ɗaya da biro da takarda shi aka ƙi yi, don kada a ce ana maganar kuɗi.

Wannan kunyar mu muka ƙirƙiro ta. Suratun Nisa'i ta fayyace rabon kowa: matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuninta, ɗaya bisa takwas, 'ya'ya mata biyu da ba su da ɗan'uwa namiji suna da biyu bisa uku. Da an raba tun farko, da tsohuwa ta yi jinya da haƙƙinta, kowace 'ya ta san iyakarta. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya ne, amma ƙafa ba ta zuwa inda zuciya ke ƙullace da zargi.

Za a ce mini ai gara sulhun makoki da babu. Na yarda, in har ya ɗore. Sai dai na bibiya: kafin sadakar arba'in babbar ta koma Kaduna, maganar gidan tana nan inda take, yanzu ma ga gadon uwa ya hau kan na uba. Mai raba su a da ita ce tsohuwar, ita kuma ta tafi.

Masu unguwanni da limaman Suleja, kun san gidajen da ake gaba, ku shiga tun iyaye na numfashi. Ke kuma mai karatu, in kina da 'yar'uwar da ba kwa magana, kuma mahaifiyarku na raye, ki shiga mota a makon nan, ku zauna gabanta da dattijo ɗaya ku baje lissafin nan.