Lafiya Uwar Jiki: Matashi da Ciwon Gwiwa

Jama'a, amosanin gwiwa ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Ɗan shekara 35 ma yakan kamu, musamman wanda ya taɓa jin rauni a gwiwa wajen ƙwallo, guringuntsi ya soma zaizayewa. To, kada ka yi gaggawar neman gwiwar ƙarfe, gama ta fi saurin lalacewa a jikin matashi mai zirga-zirga. Fara rage ƙiba: kowane kilo da ka zubar yakan sauke wa gwiwa nauyin kilo 4 a kowane taku. Ka ƙarfafa cinya da tuƙa keke. Ibuprofen yana kwantar da zogi, amma yawan shansa yakan ɓata ciki da ƙoda. In ƙafar ta karkace, likita kan iya miƙe ƙashin, gwiwarka ta asali tana nan. Allah Ya sawwaƙe, amin.