Kafin ka ba da wayarka a goge, fara tuhumar rezo

Yau maganarmu a kan abin da ke cikin aljihun kowa ce, wato waya, da wata ɓarna da muke yi wa kanmu, mu kuma biya kuɗi a kanta.

Kwanan baya wata gwaggona ta buɗe WhatsApp, sai ya ce ba zai yi aiki ba sai an sabunta shi, abin nan da muke cewa mizajur, 'yan Kamba su ce ofdet. Jikanta ya danna mata. Ya kama tafiya, ya kusa rabi, ya tsaya. Aka sake, ya ɗan gota, ya sake tsayawa. Kwana biyu ana haka, mega na ta ƙarewa. Ranar kasuwa ta kai wayar wurin wani mai gyara, ya juya ta sau biyu ya ce birus ne, sai an fomate. Ta ba shi jika biyu.

Da yamma ta aiko a kira ni.

"Ɗana, duba mini wagga waya, har yanzu ta ƙi ni."

"Gwaggo, mi anka yi mata?"

"Yaron ya ce ƙwari sunka shiga ciki, ya wanke ta."

Ya kuwa wanke ta tas. Hotunan marigayi mijinta sun tafi. Saƙonnin muryar ɗanta da ke ci-rani, waɗanda take kunnawa in kewa ta dame ta, sun tafi. Lambobin mutanen da take ba bashin shinkafa su ma sun bi. WhatsApp ɗin da aka yi duk wannan dominsa kuma bai sauka ba. Washegari bayan sallar asuba na ɗauki wayar na fita bakin hanya, na danna, kafin in gama gaisawa da mutum biyu ya kammala. Wayar lafiyarta lau tun farko. Garin neman gira aka rasa ido.

Ra'ayina a nan a fili yake: duk matsalar da ke zuwa tana tafiya, yanzu ta yi anjima ta ƙi, a fara neman ta a kan hanya kafin a taɓa waya. Waya in ta lalace, lalacewarta iri ɗaya ce safe da yamma, a gida da daji. Abin da ke canzawa daga awa zuwa awa shi ne rezo. Mai gyaran da ya goge wayar mutum saboda mizajur ya tsaya a rabi, bai gwada komai ba, bai tambaye shi ko ya adana kayansa ba, ya cuce shi ko da bai yi niyya ba.

Mutane da yawa na tambaya: in rezo ne, me ya sa saƙon murya ke wucewa amma mizajur ya ƙi? Amsar tana wurin nauyin kaya. Saƙon murya kamar wasiƙa ne a aljihu, in hanya ta buɗe na daƙiƙa kaɗan ya wuce. Mizajur kuwa lodin buhuna ne, mega gommai, na tsarin wayar gaba ɗaya ma yakan kai ɗaruruwa ko ya haura jiga guda. Yana buƙatar hanya ta zauna a buɗe mintoci da yawa ba yankewa. In ta yanke a tsakiya, wani lokaci ya ɗora daga inda ya tsaya, wani lokaci ya koma farko, megan da aka ci kuma an ci.

Hanyar nan kuwa doguwa ce. Daga wayarka zuwa anten, daga anten zuwa babbar wayar fibar da aka binne a ƙasa, daga nan zuwa gaɓar teku, sannan ta ƙarƙashin ruwa zuwa inda manyan kwamfutocin kamfanonin suke. Nijar ba ta da teku, dole sai ta ƙasashen maƙwabta, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta nan ƙofar gidanmu ta bi: Yamai, Doso, Gaya, ta tsallaka Benin har Kwatano. A watan Yuli na 2009 wayar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta samu matsala, intanet ya ɗauke a Nijar da Togo, Najeriya da Benin suka shiga wahala. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyi huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka lalace lokaci ɗaya a tekun da ke gefen Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka wayi gari intanet na jan ƙafa. Ka duba fa, abu ya faru a ƙasan teku kusa da Abijan, mutum na zaune a Tunuga yana zargin wayarsa.

Ga kuma maganar kuran. Anten da wuta yake aiki, in an ɗauke sai batir ko inji ko sola. Duk mun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Wanda ya zauna nan a lokacin ba sai an gaya masa alaƙar wuta da rezo ba.

Sai tamu ta musamman, mu mutanen bakin iyaka. A nan ƙasa uku ke kiran wayarka. Ga namu na Nijar, Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms. Ga na Najeriya da ke hurowa daga wajen Kamba. Ga na Benin daga hayin kogi. In rezon layinka ya yi rauni, waya takan yi tsalle ta kama na wata ƙasa ba tare da ta tambaye ka ba. Wa bai taɓa samun saƙon "barka da zuwa Benin" ko "barka da zuwa Najeriya" yana kwance a ɗakinsa ba? Duk lokacin da ta yi wannan tsalle, lodin da ke kan hanya ya yanke. In ka kashe romin, intanet ya tsaya cik. In ka bar shi a kunne, kiredinka ne zai ji a jikinsa. Mutumin Yamai bai san wannan ciwo ba, shi ya sa shawarar da ake ba shi ba lalle ta yi mana aiki ba.

To me za a yi? A bi abin daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, don in ta gyaru a san abin da ya gyara ta.

Na farko, kalli saman wayarka. Sunan wane kamfani ne a rubuce? Akwai harafin R kusa da sandunan rezo? In akwai, ka tsallaka iyaka kana zaune. Shiga saitin waya, wurin zaɓen kamfani, cire shi daga zaɓen kai-tsaye ka zaɓi naka da hannu. In wayarka mai sim biyu ce, ɗaya na Nijar ɗaya na Najeriya kamar yadda yawancinmu muke yi, tabbatar da wanda intanet ke kai. Sannan kalli harafin da ke gefen sanduna. 4G ko H+ ana iya gwadawa. In E ka gani, ajiye maganar mizajur, asarar mega kawai za ka yi.

Na biyu, tambayi na kusa da kai. In maƙwabcinka mai layi irin naka shi ma yana kuka a daidai wannan lokaci, ai magana ta ƙare, ba wayoyinku ne suka haɗa baki suka lalace tare ba. In kuma akwai mai layin wani kamfani, roƙe shi ya buɗe maka partaj na minti kaɗan. In ya sauka ta layinsa, wayarka ta wanke kanta daga zargi.

Na uku, canza lokaci da wuri. Daga magariba zuwa bayan isha'i kowa na kan TikTok da Facebook da kiran bidiyo, anten ɗaya ne ake rabawa, kamar rijiya ɗaya da guga hamsin. Ranar kasuwa ma haka. Gwada da asuba ko tsakar dare, musamman in kana da forfen dare. Fita daga ɗakin kwano, je inda ka san rezo na zama, ka tsaya wuri ɗaya har ya gama. Kada ka fara mizajur a kan babur ko cikin jirgi a tsakiyar kogi. In hadari ya taso da ruwa mai ƙarfi, jira ya wuce.

Na huɗu, sai yanzu aka zo kan waya, kuma duk abin da za a duba kyauta ne. Duba ko mega ya isa. Duba ko akwai fili, domin mizajur na buƙatar wurin da ya fi girmansa, sai ya sauka sannan ya warware kansa. Ƙananan Itel da Tecno ɗinmu da bidiyon biki da wa'azi suka cika, nan suke maƙalewa. Duba kwanan wata da agogo: in an cire batir ko ya mutu ƙurmus, wata wayar takan koma wata tsohuwar shekara, kuma Play Store ba ya yarda da wayar da kwanan watanta bai yi daidai ba. Duba ko an saita Play Store a kan sai da Wi-Fi kaɗai zai sauke kaya, domin in haka ne zai rubuta maka yana jira har gobe. In duk lafiya, share tarkacen wucin gadi na Play Store, wanda ake kira kash, kashe wayar ka kunna. Wannan ba ya taɓa hotonka ko ɗaya.

Gargaɗi ɗaya a nan. In abu na sauka ya yanke, ba a yi asarar komai ba sai mega. Amma in mizajur na tsarin wayar ne, ya gama sauka ya shiga girka kansa, waya ta mutu ta kunna da kanta, to kada a kashe ta, kada a cire batir. Nan ne waya ke lalacewa da gaske. A cika caji kafin a fara. Masu kwamfuta a makarantu da ofisoshi da wuraren buga takardu, ku ma dokar ɗaya ce, kafin ku ce a sake zuba Windows ku gwada wani layi da wani lokaci.

Na san masu gyara za su ce na shiga gonarsu. Gaskiya ne wani lokaci laifin waya ne. Alamarsa ita ce matsala iri ɗaya kullum, a ko'ina, ko a kan wane layi. Misali tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5.0 ba, irin wannan waya ko an kai ta gindin anten ba za ta ɗauka ba, gogewa ma ba za ta yi mata magani ba. Kuma ban ce duk masu gyara haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da za su ce maka koma gida ka gwada da dare. Abin da nake roƙo shi ne gogewa ta zama matakin ƙarshe, kuma kafin a yi ta a gaya wa mai waya da bakin da zai gane: hotunanka da lambobinka za su tafi, ka yarda? A kwafe masa su a kat memuwar ko a wata waya. Mai gyaran da ke da intanet mai ƙarfi ya sa farashi ƙarami ya riƙa yi wa mutane mizajur a shagonsa. Zai samu na cefane, mutane su koma gida da kayansu.

Wasu kuma za su ce ai mu mun huta, ta Xender muke karɓa wurin abokai. Sau da yawa yana yi, ban musa ba. Sai dai ba ka san ta hannun wa da wa abin ya biyo ba. Ta haka irin su GB WhatsApp suka cika gari, alhali kamfanin WhatsApp da kansa ya ce ba nasa ba ne, kuma yana rufe layin masu amfani da su. Wayar da kake karɓar kuɗi da ita, kake ajiye lambar sirri a cikinta, ba wurin zuba abin da ba ka san asalinsa ba ne. Masu cewa a bar mizajur gaba ɗaya su ma su sani, ta cikinsa ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga, kuma WhatsApp na da wa'adi, in ya cika zai rufe ko kana so ko ba ka so. Gara ka yi shi da asubar da ka zaɓa, da ya kama ka ranar da kake jiran saƙon kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamfanonin waya da hukumar ARCEP da ke sa musu ido su ma akwai nasu. Mutumin bakin iyaka kuɗin forfe ɗaya yake biya da na birni, amma shi ne megansa ke ƙonewa a kan abin da bai sauka ba. A ƙarfafa rezon gida a garuruwan iyaka yadda waya ba za ta riƙa tsallaka kogi da kanta ba. A zo a auna ingancin rezo a nan, da magariba, ranar kasuwa, lokacin da mutane ke amfani da shi.

Mu ma mu taimaki kanmu. Duk wanda abin ya same shi ya riƙe abu uku: wane gari ko unguwa, wane lokaci, wane layi. Ku rubuto mana su a ƙasa. In bayanan sun taru, za mu san inda rezo ke zama da inda yake gudu, kuma in an je kai kuka a je da hujja a hannu. Matasa masu ilimin waya, ku duba wa iyayenku kafin su kai kasuwa. Gwaggona ta samu WhatsApp ɗinta, ɗanta ya sake turo sabuwar murya, amma hotunan mijinta har yau muna bin dangi ɗaya bayan ɗaya ko wani na da kwafi.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.