Rana kaɗai ba ta miƙar da ƙafar yaro

In ƙafar yaro ta lanƙwashe kamar baka, ko ta yi gwame, a Magami da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu na Zamfara akan ce gado ne, ko an yi saurin tsayar da shi. Ma'aikacin asibiti kuma ya tafi kan bitamin D, domin a Turai, inda rana ke wuya, rashinsa ne ke tausasa ƙashin yara. Mu rana ba ta yi mana rowa ba. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a Jos: yaran da ke da wannan larura kalsiyam da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 da 'yan kai ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 zuwa 3 na buƙatar 500. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Aikin bitamin D shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam. In babu shi a kwano, me za a tsotsa?

A dubi abincin yaro bayan yaye: koko da safe, tuwon masara ko dawa da dare. Hatsin nan kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke riƙe ɗan abin da ke ciki. Nono ne ke cike giɓin a da, sai satar shanu ta watsa rugage, ƙwaryar nono ta yi tsada ko ta ɓace. Abin ya fi ɗaga hankali a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, domin jikin da ke ƙishin kalsiyam ya fi saurin tsotse dalma.

Za a ce wanda ke fafutukar tuwon dare ina ya ga kuɗin madara. Gaskiya ne, amma kuka da zogale da riɗi suna da kalsiyam, ƙananan busassun kifi kuma in aka daka su da ƙayarsu aka zuba a miya ko kunu su ma suna ba da shi. Jaririn da ke wuni a ɗaki yana buƙatar fitowa hantsi, wannan ba gardama. Abin da nake nema daga gwamnatin Zamfara shi ne, ranar awo da rigakafi a kowace ƙaramar asibiti a duba ƙafa da wuyan hannun yaro, a tambayi uwa me yake ci, a kuma ajiye ƙwayar kalsiyam kyauta.