Manhajar Hausa ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai da muryar Batsari da Safana

Duk mai bibiyar harkar fasaha a Arewa ya saba ganin wannan: a ƙaddamar da sabuwar manhaja, a yi taron bita, a raba riguna, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook. Bayan wata uku a leƙa shafin aikin a GitHub, sai a tarar mutum ɗaya ne ko biyu suke ta fama. Taron tsintsiya ke nan, babu shara.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar lambobin gininta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya ƙara, ya yi amfani da ita ba tare da neman izini ba. Haka Linux ta faro a 1991 a hannun ɗalibi ɗaya, Linus Torvalds, a ƙasar Finland, yau kuma a kanta aka ɗora Android da ke cikin mafi yawan wayoyin da ke kasuwannin Katsina. Abin da ya raya ta shi ne mutanen da suka zo suka taimaka, suka kuma dawo washegari.

A fagen Hausa, ayyukan da suka fi buƙatar irin waɗannan mutane su ne masu koya wa na'ura jin magana. Common Voice, wanda Mozilla ta buɗe a 2017, yana da sashen Hausa. Tsarinsa mai sauƙi ne: mutum ya karanta gajeriyar jimla a wayarsa, wasu su saurara su tabbatar ya karanta daidai, sannan a saka muryar cikin rumbun da kowa ke iya ɗauka kyauta. Akwai kuma HausaNLP, ƙungiyar masu bincike da ke da tushe a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda mambobinta suka taka rawa wajen fitar da NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Turancin buroka. Ayyuka ne masu jini a jika, kuma makomarsu ta rataya ne a kan wanda ya shigo da wanda aka bari a waje.

A nan Batsari da Safana suka shigo cikin maganar. Na'ura ba ta gane sai abin da aka ciyar da ita. Daidaitacciyar Hausa ta littafi da rediyo ta fi kusa da Kananci. Manomin Wagini ko dattijuwar Runka kuwa suna iya cewa "tahi" a inda littafi ya ce "tafi", "shina" a maimakon "yana", "ɗiya" a maimakon "'ya". Idan duk muryoyin da ke rumbun na ɗaliban birni ne, ranar da aka ƙera manhajar da za ta faɗa wa manomi farashin masara ko ta tuna wa mai ciki ranar awo, za ta yi wa mutumin Safana kunnen uwar shegu. Alhali shi ne ya fi kowa buƙatarta, domin wanda boko bai zauna masa ba, da baki yake aika saƙo a WhatsApp.

To, ta yaya ƙaramin aiki zai samu masu ba da gudummawa na dindindin a irin wannan yanki?

Da farko, a yarda cewa sabis ba abin dogaro ba ne. A watan Satumbar 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, kuma an shafe watanni kafin a maido. Duk aikin da ke neman intanet a kowane daƙiƙa ya riga ya sallami waɗannan mutane. Mafita ba sabuwa ba ce. ODK, buɗaɗɗiyar manhajar tattara bayanai da aka fara a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, an gina ta ne yadda ma'aikaci zai cike bayanai a ƙauye babu sabis, ya tura idan ya iso gari. Aikin Hausa da ke son jin muryar bakin dajin Rugu ya kamata ya bi wannan sawu.

Na biyu, a daina auna nasara da yawan waɗanda suka cika zauren taro. Ma'aunin gaskiya shi ne mutum nawa suka dawo a mako na biyu da wata na biyu. Abin da ke dawo da mutum kuwa shi ne a kula da aikinsa. A Common Voice, sai mutum biyu sun amince da murya kafin a ƙirga ta cikin ingantattu. Ke nan masu sauraro suna da muhimmanci daidai da masu karantawa, kuma idan masu sauraron ba su san Katsinanci ba, za su iya yin watsi da lafazi mai kyau suna zaton kuskure ne. Haka abin yake a gefen lambobi: matashin da ya turo gyaransa na farko aka bar shi wata guda babu amsa, ba zai sake turowa ba.

Na uku, a faɗaɗa ma'anar gudummawa. Ba kowa ne zai rubuta lamba ba, kuma ba a buƙatar hakan. Malamin Hausa na sakandare zai iya tsara jimloli da gyara ƙa'idar rubutu. Mai shagon cajin waya, wanda rabin garin ke ratsawa ta wurinsa kullum, zai iya zama wurin tara muryoyi. Malamar Islamiyya ita ce za ta iya shigo da muryoyin matan aure, waɗanda ba za su je taron otal ba. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 kuma take maƙwabtaka da Safana, za su iya riƙe ɓangaren lambobi da tura bayanai. Kowa da abin da zai kawo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, maganar kuɗi. Akwai masu ganin aikin sa-kai bai kamata a haɗa shi da biya ba, domin da zarar kuɗi ya shigo, sai a cika rumbu da shara don a kai adadi. Wannan fargaba tana da tushe. Amma akwai bambanci tsakanin biyan mutum a kan kowace jimla da ɗauke masa kuɗin data da caji. Matashin da rikici ya raba iyayensa da gonarsu, rashin adalci ne a ce ya sayi data da kuɗin abincinsa don ya gina rumbun da kamfanonin duniya za su ɗauka kyauta. A faɗa masa gaskiyar inda muryarsa za ta je, a ɗauke masa ɗawainiya, a kuma ba shi shaidar aikinsa. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka ta nuna misali a 2020, lokacin da ta fitar da takardar bincike ɗauke da sunayen marubuta fiye da 40, domin duk wanda ya sa hannu a gan shi.

Sai dai bayyana suna ba dole ba ne, musamman a yankin da tsaro ya taɓarɓare. A inda ake zargin juna da kai wa 'yan bindiga rahoto, mutumin da aka gani yana yawo da waya yana naɗar muryoyi yana iya shiga haɗari. Saboda haka aikin ya bi ta hannun masu unguwanni, dagatai da hakimai, irin su Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, kada a tambayi kowa sunan ƙauyensa ko abin da ya mallaka, kuma wanda ya zaɓi ɓoye kansa a bar shi.

Na ƙarshe, wanda ya kafa aiki ya koyi sakin ragama. A watan Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa cikin xz, ƙaramar manhaja da ɗimbin kwamfutocin Linux ke amfani da ita. Mai kula da ita ya daɗe yana ɗauke da nauyin kusan shi kaɗai, har wani da ba a san ko wane ne ba ya samu amincewarsa ya yi ɓarna. Aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ko dai ya mutu ranar da mutumin ya samu aiki a Abuja, ko ya faɗa hannun da bai dace ba. Maganin shi ne a raba iko tun da wuri ga mutanen da aka sani, aka kuma ga aikinsu a hankali.

Masu gina manhajojin Hausa suna da zaɓi. Za su iya tara muryoyi masu sauƙin samu a birni su gama da wuri, ko su yi haƙurin nemo mutum goma a Batsari da goma a Safana waɗanda za su riƙe aikin kamar nasu. Hanya ta biyu ta fi tsawo da tsada, amma ita kaɗai ce za ta haifar da manhajar da za ta amsa idan mutumin Ruma ya yi mata magana.